Baƙin tabarau ko baƙin gilashin hular kwano: wanne ya dace da mai babur?

"Assalamu alaikum, Likita. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a cikin Kano, ina koyarwa a Wudil, kuma da babur nake zuwa kusan kullum. Da safe rana tana dukan idona, da yamma in na juyo gida ta sake tare ni. Na sayi baƙin tabarau a bakin titi, amma idona bai daina ja da zubar da hawaye ba, kuma in magariba ta riske ni a hanya sai fitilun motoci su kashe mini ido. Wani abokina ya ce in sayi hular kwano mai baƙin gilashi in huta, wani kuma ya ce gilashi ruwan ɗorawa ne maganin dare. Shekaruna 46. Wanne zan saya?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan jigila da kake yi saboda 'ya'yan jama'a, ya kuma tsare hanya.

Tambayarka ɗaya ce a baki, amma abu uku ne a ƙulle a cikinta: ranar da ke dukan idonka safe da yamma, jan ido da hawaye, sai kuma fitilun da ke kashe maka ido bayan magariba. Kowanne da sanadinsa daban, kuma babu gilashi guda da zai warware maka su duka. Na daɗe ina aikin gwajin ido da yanka tabarau, ni ma kuma da babur nake shiga ƙauyuka idan mun fita duba marasa lafiya, saboda haka zan gaya maka abin da na karanta da abin da hanya ta koya mini. Gilashin hularka ya zama fari tas, wanda ba ya farfashewa, mara ƙarzuwa. Duhun da za ka yi wa rana kuma ya zama abin da za ka iya kawar da shi cikin hanzari da zarar haske ya ragu. Wannan shi ne ƙashin bayan amsata, sauran duk bayanin dalili ne.

Yanayin hanyarka

Wudil tana kudu maso gabas da Kano. Da safe kana tafiya kana fuskantar rana tana tasowa, da yamma kana dawowa kana fuskantarta tana faɗuwa. A cikin duk lokutan yini babu mafi wahala ga mai tuƙi kamar waɗannan biyun, domin rana tana ƙasa-ƙasa, daidai saitin da kake kallon titi. Da tsakar rana gira da leɓen hula suna tare maka ita. Da hantsi da bayan la'asar kuwa kai tsaye take shigowa, ta kuma daki kwalta da gilasan motoci ta dawo maka.

Akwai wani abu game da ƙasarmu da masu ƙera waɗannan kaya a Turai ba su cika lissafawa ba. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana a tsaye take nutsewa. Daga faɗuwarta zuwa lokacin da duhu zai fara hana ka gane abin da ke gabanka, 'yan mintuna ashirin da wani abu ne kawai. A Ingila da bazararsu, wannan tazara takan ninka haka. A watan Nuwamba da Disamba kuma rana tana faɗuwa a Kano wajen ƙarfe shida, ga hazo ya riga ya cinye haskenta tun kafin ta kai ƙasa. Wanda ya baro Wudil da biyar da rabi da baƙin gilashi a fuskarsa, kafin ya iso Mariri abin da ya taimake shi ya koma abin da ke rufe masa ido. Shi kuwa ido ba fitila ba ne da za a kunna nan take. Yana buƙatar minti ashirin zuwa talatin kafin ya gama sabawa da duhu, kuma yayin da shekaru ke ja, hasken da ke isa can bayan ido yana raguwa. Ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ɗan shekara 20 ke samu yake samu. Kai ba ka kai can ba, amma ka kama hanya.

Sai ka haɗa wannan da gudu. A kan kilomita 60 a awa, babur yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. A kan 80, mita 22. Daƙiƙa biyu da ka yi kana murtsuke ido ko kana neman gane abin da ke gaba, ka wuce tsawon tirela biyu ba ka gani ba. A kan hanyar da ake samun amalanke ba fitila, da awaki, da masu keke, da motar da ta lalace aka jera mata ganye a baya, daƙiƙa biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Yawan duhun gilashi yana da lamba

Masu sayarwa sukan ce wannan ya fi baƙi, saboda haka ya fi kyau. Ba haka ake auna shi ba. Ƙa'idar duniya ta tabaran rana, wato ISO 12312-1, ta raba su gida biyar bisa yawan hasken da suke bari ya wuce. Lamba 0 tana barin kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari, kusan fari ke nan. Lamba 1, kashi 43 zuwa 80. Lamba 2, kashi 18 zuwa 43. Lamba 3, wadda ita ce yawancin baƙin tabarau na kirki, kashi 8 zuwa 18. Lamba 4 kuwa kashi 3 zuwa 8 kacal, an yi ta ne domin masu hawan duwatsun ƙanƙara da makamantansu, kuma ƙa'idar ta ce ba a tuƙi da ita ko da rana tsaka. Za ka ga lambar a cikin hannun tabaran, sau da yawa a rubuce kamar Cat.2 ko Cat.3. Ƙa'idar ta kuma ce duk gilashin da bai bar kashi 75 ya wuce ba, bai dace da tuƙin dare ko na almuru ba. Wato yawancin masu lamba 1, da duk masu lamba 2 zuwa sama, da magariba ta yi, aljihu ne wurinsu.

Gilashin hular kwano da tasa ƙa'idar. Wadda aka fi sani ita ce ta Turai, ECE 22. Tana son gilashin da za a yi tafiyar dare da shi ya bar aƙalla kashi 80. Tsohon tsarinta, 22.05, ya yarda da mai ɗan duhu har zuwa kashi 50, da sharaɗin a rubuta a jikinsa cewa na rana ne kawai. Sabon tsarin, 22.06, ya sassauta zuwa kashi 35. Baƙaƙen gilasan nan da ba ka iya ganin fuskar mai su, da masu walƙiya kamar madubi, yawanci sun yi ƙasa da haka nesa, an ƙera su ne domin filin tsere inda babu rami, babu akuya, kuma ba dare.

Abin da ya sa ban yarda da shawarar abokinka na farko ba ke nan. Tabarau in duhu ya yi sai ka tsaya gefe ka cire ka sa a aljihu. Baƙin gilashin hula kuwa a ɗaure yake da hular. In dare ya riske ka, zaɓi biyu gare ka: ko ka bar shi a rufe ka yi tafiya kamar makaho, ko ka ɗaga shi ka bar ido a buɗe ga ƙwari da tsakuwa. Na taɓa shiga wannan hali da kaina shekarun baya. Mun makara a wani ƙauye da damina, hular da ke kaina mai baƙin gilashi ce, na ɗaga shi domin in ga hanya. Ban yi nisa ba wani ƙwaro ya daki idona na dama. Allah ya taimake ni babu mota a bayana lokacin da na taka birki ido a rufe. Kwana uku ina ɗiga magani kafin ƙarzuwar ta warke. Tun daga ranar ban sake ɗaura baƙin gilashi a hula ba. Masu amfani da baƙin gilashi a ƙasashen waje suna tafiya da farin gilashi na biyu a jaka, su tsaya su canza. In kana da tabbacin za ka riƙa yin haka kullum ba fashi, to ba laifi, amma na san halinmu da sammako da gaggawa. Ranar da ka manta da shi a gida, ita ce ranar da taron malamai zai ja har shida.

Ka kuma kiyayi haɗa duhu biyu. Tabarau mai barin kashi 15 a ƙarƙashin gilashin hula mai barin kashi 35, abin da zai iso idonka kusan kashi 5 ne. Ka faɗa lamba 4 ke nan ba ka sani ba.

Ga wani ƙaramin abu da ba na littafi ba. A mahaɗar hanya, direba yana karanta idon mai babur domin ya san ko ya gan shi. Haka jami'an da ke shingen bincike sun fi natsuwa da wanda suke ganin fuskarsa. Baƙin gilashi yana raba ka da wannan.

Abin da ido ba ya gani, da abin da aka yi gilashin da shi

Cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ana ce masa UV. Ba shi ne ke sa ka runtse ido ba, amma shi ne ke yin ɓarna a hankali cikin shekaru. Yana cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido, kuma shi da ƙura da iska su ne ke haifar da tsokar nan da ke tsirowa daga gefen farin ido, wajen hanci, ta riƙa rarrafawa zuwa kan baƙin ido. Wannan tsoka ina ganinta sosai a idon 'yan acaɓa da manoma da masu aikin titi. In ta yi nisa sai an yi aiki, kuma takan sake dawowa.

Duhun gilashi da tare UV abu biyu ne daban. Akwai farin gilashi tas da ke tare shi gaba ɗaya, akwai kuma baƙi ƙirin da ke barin shi ya wuce. Na biyun ya fi zama ba tabarau illa, domin a bayan duhu ƙofar hasken da ke tsakiyar baƙin ido tana buɗewa, sai mai cutarwar ya samu hanya mai faɗi. Alamar da ake nema ita ce UV400, ma'ana yana tare kusan dukkan hasken UV. Sai dai manna takarda ba wuya, kowa zai iya bugawa. Yawancin shagunan yanka tabarau na kirki suna da 'yar na'urar da ke auna wannan cikin ƙasa da minti ɗaya. Kai musu wanda ka saya a bakin titi su ɗora. Ban ce lallai na banza ne ba, na sha auna masu araha na tarar suna tarewa da kyau, na kuma auna masu tsada da sunan babban kamfani a jiki na tarar jabu ne. Na'ura ce ke raba gardama.

Ga mai babur kuwa, akwai abin da ya fi UV gaggawa, wato me zai faru in tsakuwa ta daki gilashin. Tayar tifa ko tirela tana harbo tsakuwa, kai ma kana tafe da gudunka, ƙarfin biyu ya haɗu a fuskarka. Gilashin kwalba yana tarwatsewa, haka busasshiyar robar da ake yin tabaran ado da ita. Na taɓa karɓar wani saurayi da ɓarɓashin tabaransa ya yanka masa fatar ido ya shiga ciki, alhali faɗuwar da ya yi ba ta kai ta kawo ba, ko ƙashi bai karya ba. Abin da ake so shi ne robar da ake kira folikabonet. Tana lanƙwasa maimakon ta fashe, ba ta da nauyi, kuma a ɗabi'arta tana tare kusan dukkan UV ko da fara ce. Da ita ake yin gilashin hular kwano na gaske. A tsarin 22.06 har harbin gilashin ake yi da ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 6 a gudun mita 60 cikin daƙiƙa, a ga ko zai huje. A tabarau kuma, alamar Z87.1 ta Amurka ko EN 166 ta Turai tana nuna an gwada shi da duka. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, irin waɗannan tabarau ana samunsu a wurin masu sayar da kayan kariyar ma'aikatan kamfani da magina, fari da mai duhu, kuma sau da yawa sun fi tabaran gayu araha. Sai dai kada ka ɗauki na masu walda, wannan duhunsa na wani aiki ne.

Babban aibin folikabonet shi ne saurin ƙarzuwa. A nan nake zargin wani ɓangare na matsalarka ta dare yake. Kowace 'yar ƙarzuwa tana watsa haske. Da rana ba za ka lura ba. Da dare, fitilar mota ɗaya in ta daki gilashin da ya sha gogewa, sai ta fashe ta zama tauraro mai rassa, ta rufe duk abin da ke kusa da ita, har da mutumin da ke tsallaka titi. Mu kuma a hunturu me muke yi? Ƙura ta kwanta a gilashi, mu sa bakin riga ko tafin hannu mu share a bushe. Ƙurar hunturu ɗauke take da ɓarɓashin yashi, gogewar nan daidai take da sa samfefa. Ka fara zuba ruwa ya wanke ƙurar, in akwai busassun ƙwari ka shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a kai na 'yan mintuna, sannan ɗan sabulun ruwa, sannan ƙyalle mai laushi. Kada fetur ko tina ko maganin goge gilashin mota su taɓa shi, suna cinye robar ta yi tsatsattsage ta rasa ƙarfinta. Gilashin da ya riga ya ƙarzu ba ya gyaruwa, canza shi ake yi, kamar yadda ake canza takalmin birki.

Launi, da gilasai masu suna

Ruwan toka yana rage haske ba tare da ya canza launin abubuwa ba, shi ya fi dacewa da ranar bazara mai ƙarfi. Ruwan ƙasa yana ɗan fito da bambanci tsakanin abu da abu, saboda haka na fi son shi a hazo, lokacin da sama da ƙasa suka zama fari ɗaya, rami da kwalta suka saje. Shuɗi da ja da ruwan hoda na ado ne, suna iya rikita maka danja da fitilar birki, musamman ga wanda dama yake da wahalar bambance ja da kore. Don hanyarka, ruwan ƙasa ko ruwan toka mai lamba 2 a hunturu, lamba 3 a watan Maris zuwa Mayu.

Akwai gilashin da ake kira folarayiz, mai kashe ƙyallin da ke tasowa daga shimfiɗaɗɗen abu kamar ruwa da kwalta da bayan mota. Ga direban mota da masunci abu ne mai daɗi ƙwarai. Ga mai babur ina ɗari-ɗari da shi. Ƙyallin nan da yake gogewa, wani lokaci shi ne kaɗai ke gaya maka cewa ga baƙin mai ya zube a kwana, ko ga ruwa kwance a kan kwalta. Mota tana da ƙafa huɗu, in ɗaya ta zame uku sun riƙe. Kai biyu gare ka. Bayan haka, in ka sa shi a ƙarƙashin gilashin hula, sau da yawa za ka riƙa ganin launuka kamar bakan gizo suna yawo, saboda yadda aka lanƙwasa robar hular wajen ƙera ta. Yana kuma iya baƙanta fuskar waya ko mitar babur mai lambobi. Akwai mahaya da yawa da ke amfani da shi suna jin daɗi, ban ce haramun ba ne, amma da damina ni ba na sa shi. In kana son gane ko naka irin wannan ne, kalli fuskar waya ta cikinsa ka juya shi a hankali, in ta yi duhu a wani saiti to shi ne.

Sai gilashi mai canza launi da kansa, wanda ke yin duhu a rana ya washe a inuwa. A tunani kamar shi ne maganin matsalarka, amma da sauran magana. Yawancinsu hasken UV ne ke tayar da su, gilashin hularka kuma ya riga ya tare UV ɗin, saboda haka a cikin rufaffiyar hula ba sa yin duhu sosai. Zafi ma yana rage musu ƙarfi, a ranar Afrilu ba za su kai duhun da suke kaiwa a sanyi ba. Kuma washewarsu ta fi yin duhunsu jinkiri, takan ɗauki mintuna. Kamfanoni irin su Bell da Shoei suna yin gilashin hula da kansa mai canza launi, wannan yana aiki da kyau tunda shi ne a waje, sai dai kuɗinsa kaɗai zai iya sayen hula biyu ko uku, kuma ƙurarmu ba za ta raga masa ba.

Abokinka na biyu, mai maganar ruwan ɗorawa, ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba. Gilashin yana sa duniya ta yi kamar ta ƙara haske, mutum ya ji daɗi. Amma duk gilashi mai launi rage haske yake yi, babu wanda ke ƙarawa. A 2019 masu bincike a cibiyar ido ta Schepens da ke ƙarƙashin Jami'ar Harvard sun gwada irin waɗannan tabarau a na'urar koyon tuƙi, da hasken fitilar mota mai tahowa da kuma babu. Ba su sa direbobi sun fi saurin hango mai tafiya a ƙasa ba. Haɗarinsa shi ne ya ba ka ƙarfin gwiwar ƙara wuta alhali ganinka bai ƙaru ba. A hazon safiya yana iya ɗan taimakawa. Da dare, fari tas kawai. In mota ta taho da babbar fitila, kada ka kalle ta, sauke ido zuwa bakin titi na hannun damanka, ka rage gudu har ta wuce. Ka kuma duba fitilarka, domin yawancin ƙananan baburanmu haskensu dama ba shi da yawa, in murfinta ya yi hazo ko saitinta ya kalli sama, rabin abin ya tafi.

Jan ido da hawaye

Wannan ba na jin rana ce babbar mai laifi. Iska ce da ƙura. Ido yana da wani siririn ruwa da ke lulluɓe da shi, iskar gudu tana busar da shi, mai tuƙi kuma ba ya yawan ƙifta ido saboda ya zuba wa hanya. In idon ya bushe sai ya yi zafi, ya mayar da martani da ambaliyar hawaye. Shi ya sa mutane ke mamaki in na ce musu idon da ke zubar da ruwa bushewa ce ke damunsa. Tabaran ado mai faɗi a gaba, buɗe a gefe, ba ya tare iska, har ma yakan sa ta yi juyi a bayansa. Abin da ke tarewa shi ne rufaffen gilashin hula, ko tabarau mai lanƙwasa da ya rungumi fuska. Ɗigon da ke jiƙa ido, wanda ake kira hawayen roba, kafin ka tashi da bayan ka isa yana taimakawa, da wanke fuska da ruwa mai tsabta.

A nan ina roƙonka abu ɗaya da babbar murya. Kada ka je kemis ka ce a ba ka maganin jan ido. Da yawa daga ɗigon da ake miƙa wa mutane suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su dekzametazon da betametazon. Cikin kwana biyu ido zai yi fari, mutum ya ce ya samu magani, ya ci gaba da ɗigawa wata da watanni. A wasu mutane yana ɗaga ƙarfin ruwan cikin ido har ya kashe jijiyar gani, kuma abin da ya mutu a nan ba ya dawowa. Yana kuma kawo yanar ido. Na ga magidanta da ƙuruciyarsu da suka rasa yawancin ganinsu ta wannan hanya, a kan jan idon da rufaffiyar hula za ta iya magancewa. Duk lokacin da na tuna su sai raina ya ɓaci.

Da ni ne kai

Zan fara da hular kanta. Tun 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, amma har yau da yawa ana sa ta ne don gudun kamu. Nazarin da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna hula tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Nemi mai rufe haɓa, wadda ta kama kanka ba ta rawa, mai alamar ECE a ɗinke a jikin igiyarta ko DOT, wato alamar ƙa'idar Amurka, a bayanta, mai farin gilashi. Kafin ka biya, tambayi mai shago ko ana samun gilashinta daban, domin za ka canza gilashi sau da yawa kafin hular ta tsufa. In gwanjo ce, ka sani hular da ta taɓa shan duka mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsagewa a waje ba.

In aljihu ya kai, ɗauki irin wadda ke da ƙaramin baƙin gilashi a ciki, wanda ake saukewa da ɗagawa da ɗan maɓalli a gefen hagu. Don tafiya irin taka ban san abin da ya fi ta dacewa ba: farin yana rufe kullum yana tare iska da tsakuwa, baƙin kuma yatsa ɗaya ke kawar da shi ko kana cikin tafiya. In bai kai ba, farin gilashi da tabaran folikabonet mai lamba 2 ko 3 a ciki ya wadatar. Je da hularka wurin saye. Sa hular tukuna, sannan ka zura tabaran. Hannayensa su zama sirara, miƙaƙƙu, kada su danne maka gefen kai, domin abin da ka ji kaɗan a shago zai zama ciwon kai kafin ka kai gadar Wudil. Masu faɗin hannu suna toshe ganin gefe, inda adaidaita sahu ke ɓullowa. Riƙe shi a nesa ka kalli gefen ƙofa ta cikinsa, ka motsa shi sama da ƙasa. In miƙaƙƙen layin ya riƙa lanƙwashewa, ajiye shi.

Ita kuwa ranar da ke daidai saitin ido, babu gilashin da ke kashe ta ba tare da ya kashe maka titi ba. Abin da ke aiki shi ne inuwa. Hula mai leɓe a gaba tana yi, ko ka manna baƙin salatif mai faɗin yatsa ɗaya ko biyu a can saman gilashin, sama da inda kake kallo, ta yadda in ka ɗan sunkuyar da kai zai tare ta. Ka kuma tuna direban da ke bayanka ita yake fuskanta shi ma, ƙila bai ga fitilar birkinka ba. Duk lokacin da kuma ka ga inuwarka ta miƙe doguwa a gabanka, to masu tahowa ne ba sa ganinka, bar fitila a kunne. In da hali ka riƙa barin makaranta da wuri kaɗan a watannin sanyi, minti ashirin ɗin nan sun fi kowane tabarau amfani.

Abin da ba zan iya yi daga nan ba shi ne duba idonka. Kashe ido da fitila a shekara 46 yana iya zama ƙarzajjen gilashi ne kawai, yana kuma iya zama ƙaramar matsalar gani da tabaran magani zai gyara, ko bushewar ido, ko farkon yana, musamman in akwai ciwon suga. Ka samu rana ka je inda ake da kayan aiki, a Kano akwai asibitin ido na ECWA da na Makka da sashen ido na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Ka gaya musu kana tuƙin babur da almuru, ka nemi a auna maka ƙarfin ruwan ido a kuma duba jijiya. In aka rubuta maka tabarau, ka ce a yanka maka da folikabonet, a sa masa rufin da ke hana ƙyalli. Ka tafi da hularka da tabaran da ka saya, da duk wani ɗigo da ka taɓa sawa, su gani da idonsu.